Wa Ya Taka Takalman Auta

12 ga Janairu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ko da yake na san ba ka da ita, don haka bari in ce ina fatan matarka da yara suna lafiya. Ni dai ga ni nan. Sugan yana inda na ajiye shi, gwiwar dama tana yi min gunaguni in na hau matakalar maɗaba'a, idanu kuma sun ƙara neman tabarau mai kauri. Shekara ashirin da shida ina farautar kurakuran marubuta da jan biro, dole wani abu ya gaji.

Ba daga bakinka na ji ba. Matarka ce ta faɗa min, tana yi tana roƙona kada in ce ita ce, ga shi kuwa na ce. Likitan tashar jiragen ruwa ya auna ka, ya ga jininka ya hau, suga ya biyo baya, ya hana ka hawa ƙugiyar ɗaga kaya. Sun sauko da kai daga sama sun zaunar da kai a ɗakin bakin ƙofa kana buga wa direbobi hatimi. Ranar ashirin ga Mayu za a sake auna ka. In ka gyaru ka koma ƙugiyarka, in ba ka gyaru ba a bar wa wani. Shekara goma sha tara kana can sama. Sau uku muna waya tun da abin ya faru, kana ba ni labarin ƙwallo.

Shi ya sa na koma takarda. A waya kana da baki, sai ka sa ni dariya in manta abin da na kira in faɗa. Takarda ba ka iya katse ta.

Direban da ya kawo maka wannan zai ba ka kwali. Takalman kambas ne ƙafa biyu, wari huɗu ke nan kada ka ce ban fayyace ba, iri ɗaya, lambarka. Likita ya ce ka sha magani, ka rage sukari, ka yi tafiyar minti arba'in kullum. Magani da shayi na bar wa matarka. Tafiyar tawa ce. Ka sa ƙafa ɗaya wata guda, ka aiko min da su yadda suke, kada a wanke, ka ci gaba da ɗayan. Ba na son rahoto. Takalmin zai ba ni.

Na karanta littattafan ƙarfafa gwiwa fiye da yadda ya kamata mutum ya karanta, don ta teburina suke bi kafin a buga su. Cewa suke ka nemo babban dalili, sha'awa za ta biyo. Shekara shida nake fita kowace safiya, ban taɓa tashi ina sha'awar fita ba. Abin da nake yi, kafin in kwanta sai in saka tabarauna cikin takalmin hagu. Ko rubutun jikin gwangwanin madara ba na iya karantawa sai na ɗauki takalmin, in kuwa ya riga ya shiga hannu, da kunya in ajiye. Kai ma ka nemi abin da safiyarka ba ta yiwuwa sai da shi. Ina zargin cokalin sukari ne.

Yayarka


16 ga Fabrairu

Yaya ta kaina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau. Babbar tana shirin jarrabawa, ƙaramin ya zubar da haƙori biyu yana bin kowa da murmushi da gangan. Uwarsu tana gaishe ki, ta ce ta yafe miki tonon asirin amma ba ta manta ba.

Wasiƙarki ta iso, a tsaye na karanta ta kamar takardar kora. Kotu ma ta fi ki sassauci, ita tana barin mutum ya yi magana.

To ga takalmanki nan, ki duba su da gilashin da kike duba waƙafi. Sun sha ƙasa. Filin kwantena ba ƙarami ba ne, daga ƙofa zuwa bakin ruwa a je a dawo ya fi minti arba'in. Sukari cokali ɗaya nake sawa yanzu, shayin ya koma kamar ruwan ɗauraye kofi.

Kada ki tayar da hankalinki a kan ƙugiya. Ɗakin ƙofar ba laifi. Akwai fanka, akwai kujera mai jingina, ana hira da direbobi. Mutum yana sabawa. Wani lokaci in ɗaga kai in ga wanda suka ɗora a wurina yana lallaɓa kwantena kamar za ta cije shi, sai in ce a raina ai ƙasa ma wuri ne.

Ki gaida gwiwa.

Autanki


21 ga Fabrairu

Auta,

Ina gaida matarka da yara. Lafiyata ƙalau, fushi yana riƙe da ni.

Wa ya taka takalman nan?

Kwana biyu suna kan teburina kafin in ɗauki biro, don wasiƙar farko da na rubuta ba ta aikuwa. Ka manta 'yar wa ce ni, ka manta ɗan wa ne kai. Lokacin da kake yawon ƙwallo, ni ce zaune gefen bencin Baba ina miƙa masa basilla da gam. Mutum ya ajiye takalmi a gyara masa ya tafi, Baba ya juya shi ya ce wannan ɗan dako ne, wannan bayansa na ciwo, wannan matarsa ce ta saya masa don ba lambarsa ba ce. Ni ya koya wa, don ni ce ke zama.

Kai tun da ka faɗo daga katangar makaranta ka karya idon sawun hagu, da gefen ciki kake taka ƙafar nan. Duk takalmin da ka taɓa sawa, dunduniyar hagu ta ciki ce ke fara cinyewa. Baba ya gaji da liƙa maka guntun taya a wurin, har ya koma yanka su da yawa yana tarawa a gwangwani. Waɗannan da ka aiko min ta waje suka cinye, dama da hagu daidai wa daida. Mai su dogo ne, takinsa da faɗi, babban yatsansa ya kusa huda kyallen don sun yi masa kaɗan, kuma yana ɗaure igiya har ramin ƙarshe, abin da rabonka da shi tun da tumbi ya shiga tsakaninka da ƙafarka. Ko wane ne, ka gaishe shi, ka ce an duba, lafiyarsa ƙalau.

Da a kan siminti ka goga su, da na ce rago ne kawai. Amma ka nemi mutum, ka roƙe shi, ka jira wata guda, ka karɓa, ka naɗe a kwali, ka kai tasha. Rabin wannan wahalar ya isa ya kai ka bakin ruwa ya dawo da kai. Ƙaryar ma sai da ka ba da kwangilarta.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa ba wannan ba ne. “Ɗakin ƙofar ba laifi.” Fanka da kujera mai jingina. Kai da ka taɓa rubuto min shafi uku a kan yadda manyan jirage ke komawa kayan wasa in kana sama, da yadda kake sauke kwantena a kan 'yar'uwarta ba a ji ko ƙara ba. Yau ka musanya wannan da kujera. Baba ma a kan kujera ya ƙare, shekara talatin a zaune, bai taɓa yarda an auna shi ba. Ni na wanke bencin, ni na tattara kayan aikin. Ba zan sake tattara na kowa ba.

Saura wata uku. Ƙafa ta biyu tana wurinka.

Yayarka


25 ga Maris

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Fata kawai nake, don wata guda da kwana huɗu ke nan da wasiƙata ban ga rubutunka ba, wayarka tana ƙara ba a ɗauka, matarka kuma ta koyi cewa “yana nan lafiya” da muryar mai karanta sanarwa.

Na san fushi kake. Ban janye ko kalma ɗaya a kan takalman ba. Amma akwai abin da ban faɗa maka ba, kuma mai gyara rubutun wasu bai kamata ta zauna a kan nata kuskuren ba.

Shekara shidan da na ce maka ba cikakku ba ne. A ta biyu na daina fita wata huɗu cur. Ba ciwo, ba dalili. Wata safiya aka yi ruwa ban fita ba, washegari na ce ai na riga na ɓata, shi ke nan. Ina zuwa asibiti ina ce wa likita ina tafiya, tana rubutawa. Ni ba ni da yayar da za ta juya takalmina.

Ba wani tunani mai zurfi ne ya mayar da ni ba. A layin karɓar magani na ga an turo wata mata sa'ata a keken marasa lafiya, an yanke mata ƙafa ɗaya. A ɗayar akwai takalmi sabo fil, tafinsa ko ƙura babu, kuma ba zai taɓa cinyewa ba. Na tsaya ina kallonsa, haushi ya kama ni. Da haushin na fita washegari, da shi nake fita har yau. In bi ta bayan gidan burodi, in zagaye katangar makaranta sau uku, ina faɗa da mutane a raina: da Baba, da marubutan da ba su san inda ake sa aya ba, kwanan nan kuma da kai.

Na ɗauka abin da ke tura ni zai tura ka, shi ya sa na cika maka ambulan da shi. Wataƙila kai ba da irin wannan man kake tashi ba. Ban san da wanne ba. Shekara arba'in da takwas ina yayarka, ban taɓa tambaya ba.

Abu ɗaya dai na sani. Ashirin ga Mayu ba ita ce ranar ba. Kowa yana iya tafiya in an sa masa rana da likita tsaye a ƙarshenta. Washegarinta ce ranar, lokacin da babu mai jiran ka da abin awo.

Ka rubuto, ko da zagi ne.

Yayarka


2 ga Afrilu

Yaya,

Muna lafiya. Ba fushi nake ba. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagewa.

Wanda ya taka takalman Dogo ne, mai ƙirga kwantena. Yini yake yana zagaye fili da takarda a hannu. Ya ce a gaya miki sun matse shi.

Na sa takalman, Yaya. Rana ɗaya. Washegarin da suka iso na fita da sassafe, na kama hanyar bakin ruwa da sauri yadda likita ya ce. Ban wuce layi na shida na kwantena ba na ji ƙirjina ya ɗaure, zuciya tana bugawa har cikin kunne. Na dafa ƙarfe na tsaya. Abin da na gani a gabana a lokacin ba tashar ba ce.

Ke kin wanke benci, amma ba kya nan ranar da Baba ya rasu, kina kwaleji. Ni ina nan. Ba a kan kujera ya ƙare ba. Wani ne ya karɓi takalminsa ya manta lema. Baba ya ce in bi shi da ita, na ce bari in gama cin abinci. Sai ya tashi da kansa ya bi shi da sauri. Daga benci zuwa kwanar mai shayi taki arba'in da biyu ne, na ƙirga daga baya, ba sau ɗaya ba. A nan ya dafa bango ya sulale, lemar tana hannunsa. Inna ce ta ce kada a gaya miki zancen lema, don ta san halinki.

Yana da shekara arba'in da tara. Ni watan Yuni zan cika arba'in da tara. Shekara talatin yana zaune ba abin da ya same shi, ranar da ya yi sauri ya tafi. Na san abin da za ki ce, na san ba haka abin yake ba. Kaina ya sani, ƙafata ce ba ta sani ba. Da na ce ɗakin ƙofa ba laifi, ba kujerar nake so ba. Kullum sai na kalli ƙugiyata har wuyana ya ƙage. Gani nake dai gara yaran su samu uba mai buga hatimi.

Ban gaya wa likita ba, don in ya ji zancen ƙirji ko Mayun ba zai jira ba. Ban gaya wa uwarsu ba. Ke ce ta farko.

Autanki


6 ga Afrilu

Auta,

Ina lafiya. Na karanta, na cire tabarau, na zauna. Yau a makare na je aiki, karon farko da zan iya tunawa.

Shekara talatin da uku ina fushi da mutumin da ban ma san yadda ya mutu ba, kai kuma kana ɗauke da lema. Yaro ɗan goma sha biyar da bai tashi daga gaban abinci ba bai kashe kowa ba. Da kai ka bi mai lemar, da matakala ce ko buhun takalma, a makon ko na gaba. Zuciyar ta riga ta gaji, ba wanda ya taɓa ɗora mata abin awo. Maganarka ta ɗakin ƙofa kuma lalaci na ɗauke ta. Na yi kuskure, na sa wa kaina jan biro.

Yanzu ka saurara, don ban daina zama yayarka ba. Gobe, ba jibi ba, ka je ka gaya wa likita zancen ƙirjin, da layi na shida, da shekarun Baba. In ya hana ka ƙugiya har abada, ya hana. Ba za ka ɗaga tan talatin a kan kawunan mutane da ƙirjin da kake ɓoyewa ba, ni ma ba zan tura ka tafiya da shi ba. Kada ka taka ko'ina sai ya ce.

In ya ce ka taka, ka manta da minti arba'in. Ka yi taki arba'in da uku. Ka tsaya, ka duba ka ga kana nan. Washegari ka ƙara. Ka tafi da Dogo, tunda ya san hanya kuma ya san takalman.

Yayarka


23 ga Mayu

Yaya ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Babbar ta ci jarrabawa, haƙoran ƙaramin sun fito manya kamar na aro. Mun sha zafi, wata biyu ko ɗigo babu, sai washegarin gwajina da asuba aka sauke ruwan farko, filin duk ya zama laka.

Ki yafe shirun, cewa na yi sai da labari. Na je wurin likita yadda kika umarta. Ya tura ni babban asibiti, aka manna min wayoyi a ƙirji, aka ɗora ni a kan injin nan da ake tafiya ba a zuwa ko'ina. Suka ce zuciyar ba ta lalace ba, nauyi ne da hawan jini da tsoro. Suka canza min magani, suka ce in fara a hankali. Ranar farko na yi arba'in da ukunki, Dogo yana ƙirgawa da ƙarfi kamar kwantena. A na arba'in da biyu na tsaya. Ya ce, “Malam, saura ɗaya, kada ka ɓata min takarda.” Mako na biyar na kai bakin ruwa na dawo. Makullin babur nake sawa cikin takalmin hagu.

Ga sakamakon. Sugan ya sauka. Jinin ma ya sauka, amma bai kai inda suke so ba. Likita ya ce da na samu ƙarin wata ɗaya ko biyu da ya sa hannu. Na san inda watannin suka tafi, ba sai kin faɗa ba. Babbar ƙugiya ta tafi, sun tabbatar wa wanda ke kai. Ni sun ba ni ƙaramin injin da ke jera kwantena a fili. Matakala uku ce, ba a ganin teku daga ciki. Sun ce in wuri ya samu nan gaba za a duba, amma ba alkawari.

Na shiga banɗaki na yi kukan da zan yi, na wanke fuska, na je na karɓi makulli.

Ga ƙafa ta biyu. Ba a wanke ba.

Autanki


27 ga Mayu

Auta,

Ina lafiya, gwiwa tana amsa gaisuwar Fabrairu. Ka taya babbar murna, ka ce wa matarka ta huta da ni.

Zancen ƙugiyar ya yi min ciwo. Ba zan ce maka ƙaramin injin daidai yake da ita ba, ka san ba na gyara rubutu da ƙarya. Watannin da kake zargin kanka a kai ma akwai rabona a ciki. Tambaya ya kamata in aiko maka a Janairu, sai na aiko kwali.

Na juya takalman. Dunduniyar hagu ta ciki ta cinye har farin ya fito. Igiyar ta ƙara hawa rami biyu. Tafiyarka ce, ko cikin takalma dubu zan gane ta.

Sai kuma lakar. Ta cike zanen tafin, na sa farce na ji ta ciki ba ta gama bushewa ba. Kai ka rubuto min cewa wata biyu ba a yi ruwa ba sai washegarin gwaji. Ka ba ni labarin asibiti da Dogo da banɗaki, ba ka ce ka fita a safiyar ba, bayan sun riga sun ba wani ƙugiyarka. Ina jin ba ka ma ɗauke shi abin faɗa ba.

Na sauko da akwatin Baba daga saman kabad, ban taɓa buɗe shi ba tun ranar da na rufe. Gam ɗin ya zama dutse, na sayo sabo. Gwangwanin yana ciki, da guntayen taya bakwai da ya yanka maka bai kai ga liƙawa ba. Na liƙa ɗaya. Hannuna bai kai nasa ba, amma zai riƙe. Saura shida.

Direban safe zai kawo maka, don kada ka samu hujjar hutun kwana uku. Ƙafar farko ma tana cikin kwalin, ka ba Dogo, ka ce ya yanke wurin yatsan.

Lakar ban wanke ba.

Yayarka